Yadda ake neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma a Zariya

Da zarar an ce an fara ɗaukar soja ko 'yan sanda, ko sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu sun fito, sai sakatariyar ƙaramar hukuma ta cika maƙil. Samari da 'yan mata, kowa da fayil a hammata, duk takarda ɗaya suke nema, wato indijin, shaidar cewa mutum ɗan asalin ƙaramar hukumar ne. A irin wannan rububi ne ake rubuta suna ba daidai ba, ake biyan kuɗin da bai kamata ba, wani kuma a rufe shafin neman aikin yana kan layi. Alhali abin ba shi da wahala idan an bi shi daki-daki, kuma mafi yawan aikin a gida da cikin unguwa ake gama shi tun kafin a taka ƙofar ofis.

Abin da ya sa ake yawan tambayar wannan takarda shi ne tsarin raba daidai. Sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kada mutanen wata jiha ko wata ƙabila su mamaye ma'aikatun gwamnatin tarayya, kuma tun 1996 akwai Hukumar Raba Daidai da ke sa ido a kan haka. Shi ya sa ake raba guraben aiki jiha-jiha, a cikin jiha kuma a duba ƙananan hukumomi. Barikin horar da kuratan soja yana nan Zariya tun 1924, amma kusanci da ƙofar bariki ba ya shigar da kowa. Ɗan Zariya a kason jihar Kaduna zai nema, kuma sai ya nuna takarda. Haka ake tambayarta wajen rajistar sababbin ɗalibai a jami'a da kwaleji, da neman tallafin karatu na jiha, da aikin gwamnati kowane iri.

Da farko ka san ƙaramar hukumarka

Wannan kamar wasa ne, amma a nan mutane da yawa suke fara ɓata. Abin da baki ke kira Zariya a takarda ba wuri ɗaya ba ne. Akwai ƙaramar hukumar Zariya, mai sakatariya a Fada cikin birni, da mazaɓu 13: Kwarbai A da B, Ƙaura, Limancin Kona, Unguwar Juma, Unguwar Fatika, Tudun Wada, Gyallesu, Tukur-Tukur, Dambo, Wuciciri, Dutsen Abba da Kufena. Akwai kuma ƙaramar hukumar Sabon Gari, mai sakatariya a Dogarawa, da mazaɓu 11, cikinsu har da Samaru, Hanwa, Cikaji, Muciya, Basawa, Bomo da Jama'a. Ko Jami'ar Ahmadu Bello a rabe take: harabar Samaru tana Sabon Gari, ta Kongo tana Zariya, asibitin koyarwa da ke Shika kuma yana ƙasar Giwa.

Sai dai ba inda kake kwana ake tambaya ba, asalin gidanku ake nema. Mutum yana iya zama haifaffen Tudun Wada, a nan ya yi firamare da sakandare, amma mahaifinsa daga Maigana ya zo, ko Hunƙuyi, ko Turunku. Irin wannan a al'ada takardarsa tana Soba ko Kudan ko Igabi, duk da cewa dukkansu ƙasar Zazzau ce. Don haka kafin komai ka zauna da mahaifinka ko baffanka ka tambaya: shi wace ƙaramar hukuma ce a takardarsa? Yayyenka da suka riga ka, ina suka karɓi tasu? Idan akwai ta uba ko ta wa a gida, a fito da ita a yi mata hoto. Babu shaidar da ta fi ta saurin buɗe ƙofa.

Mace kuwa, ko ta yi aure a wata jiha, ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta ce asalin gidan ubanta za ta ci gaba da riƙewa a harkar guraben tarayya. 'Yar Limancin Kona da ke aure a Kano, takardarta tana nan Fada.

Daidaita suna da ranar haihuwa

A nan ya kamata a fi daɗewa. Ka shimfiɗa tabarma, ka baje duk takardun da ke ɗauke da sunanka: ta haihuwa, ta gama firamare, sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB, da takardar lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Ka karanta su harafi-harafi kamar mai bitar allo. Mu Hausawa muna da sakaci a nan, domin a baki duk suna ɗaya ne. Muhammad da Mohammed da Muhammed duk Mamman ne a gida, amma kwamfuta mutum uku take gani. Haka Aisha da Aishatu da A'isha, haka Abdullahi da Abdullah. Wani a firamare malamin aji ya rubuta masa sunan rana, Ɗanladi ko Balarabe, a sakandare ya koma sunan yanka. Wata an sa mata sunan kaka a matsayin sunan ƙarshe a takarda ɗaya, a ɗayar kuma sunan uba. Wani ya ƙara sunan unguwa, Kwarbai ko Ƙaura, a wuri ɗaya bai ƙara a saura ba. Har jerin sunan ma abin dubawa ne: wanne ne na farko, wanne ne na tsakiya, wanne ne na ƙarshe.

Shawarata ita ce a ɗauki wanda ke kan sakamakon jarrabawar sakandare da NIN a matsayin ma'auni, domin su ne mafi wahalar gyarawa, kuma tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da NIN. Idan su biyun sun dace da juna, to a rubuta sunan da manyan baƙaƙe a wata 'yar takarda a sa a aljihu. Duk inda aka ce faɗi sunanka, miƙa takardar za ka yi, kada ka bari a rubuta da ji. Idan kuwa sun saɓa, sai an fara gyara. Ana zuwa kotu a yi takardar rantsuwa cewa sunayen nan duk na mutum ɗaya ne, idan canji ne babba a haɗa da sanarwa a jarida, sannan a nemi gyaran NIN a wurin NIMC, hukumar da ke ba da lambar, wadda ke karɓar kuɗi a kan gyaran. Wanda ya manta lambarsa ta NIN, mai alƙaluma 11 ce, yana iya danna *346# a layin da ya yi rajista da shi.

Ranar haihuwa ma haka. Wanda aka yi wa rajista yana jariri ya huta. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma rajistar da aka yi cikin kwana 60 na farko kyauta ce. Ma'aikatan hukumar suna da tebur a sakatariya da wasu asibitoci da dakunan shan magani. Katin awo ko katin rigakafi ba takardar haihuwa ba ne, iyaye mata su lura da wannan. Wanda ya wuce shekara 18 bai taɓa rajista ba, sai ya yi rantsuwar shekaru a kotu, ya kai wa hukumar ta ba shi takardar tabbatar da haihuwa. Abin gudu shi ne rage shekaru a wata takarda don a shiga ƙa'idar wani aiki. Ranar tantancewa jami'i zai jera takardun a gabansa, ya ga ka gama firamare kana da shekara bakwai, shi ke nan magana ta ƙare.

Zauren mai unguwa

Ƙaramar hukuma ba ta san ka ba. Shugabanta ba zai iya sanin kowane gida daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan ba, balle ƙauyukan Dutsen Abba. Wanda ya san ka shi ne mai unguwa, shi ne ya ga an raɗa maka suna ko ya halarci ɗaurin auren iyayenka, kuma a kan shaidarsa ake gina sauran sa hannun.

Kada ka je kai kaɗai idan ba sananne ba ne kai a unguwar. Ka tafi da mahaifi, ko baffa, ko wani dattijon gidanku. Lokacin da aka fi samunsa shi ne da hantsi kafin ya fita, ko bayan la'asar. Ka sa tufafin kirki da hula, ka cire takalmi a bakin zaure, ka durƙusa ka gaida shi, ka bar babba ya fara magana. Yawanci haka take kasancewa:

"Ranka ya daɗe, yaron nan ne zai nemi makaranta, aka ce sai da takardar ƙaramar hukuma. Shi ne muka zo a sa mana albarka."

"Madalla. Kai samari, ɗan gidan wa ne?"

A nan ake so ka amsa da bakinka. Ka faɗi sunan mahaifinka da na kakanka, da sunan da aka san gidanku da shi, gidan malamai ne, ko na maƙera, ko na majema, ko na wani mai sarauta. Saurayin da ya yi shiru yana kallon baffansa a kan sunan kakansa ya ba da kunya, kuma ya sa shakka a zuciyar mai shaida. Idan mai unguwa ya gamsu zai ba da wasiƙa, ko ya sa hannu da hatimi a fom idan an riga an karɓo shi daga sakatariya. Ka duba wasiƙar tana da kwanan wata, da cikakken sunanka yadda ka rubuto shi, da sunan uba, da sunan unguwa. Wasu masu unguwanni suna da magatakarda, wasu kai za su ce ka je a buga a kawo su sa hannu. In haka ne, ka tambayi kalmomin da yake so a sa, kada mai shagon kwamfuta ya ɗauko ta wani ya canza suna kawai, ya bar sunan wata unguwa a ciki.

Abin goro da ake ajiyewa a zaure al'ada ce ta girmamawa, gwargwadon hali, ba farashin shaida ba ne. Mai unguwar kirki ba zai shaidi wanda bai sani ba ko nawa aka ajiye, domin idan ta ɓaci shi za a fara kira.

Daga nan sai dagaci, sai ofishin hakimi, kowanne ya ƙara nasa hatimin a kan na ƙasa da shi. Ka tambayi mai unguwa wane hakimi ne ke riƙe da ku yanzu, kada ka dogara da abin da aka sani da. A 2017 gwamnatin jiha ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, unguwanni da ƙauyuka da yawa suka koma ƙarƙashin wata gunduma. A ofishin hakimi magatakarda za ka fara gani, ba hakimin ba. Ka gaishe shi da mutunci, ka tambayi ranar da hakimi ke zama, domin wani lokaci yana fada wurin Mai Martaba ko ya tafi wani taro, sai a ce ka bar takardar ka dawo. In za ka bari, ka ɗauki hotonta a waya tukuna.

A sakatariya

Ka zaɓi rana. Tun Disambar 2021 jihar Kaduna ta ɗauko tsarin aikin kwana huɗu a ofis, saboda haka Juma'a ba ranar neman sa hannu ba ce. Litinin kuma cunkoso da tarurruka sun yi mata yawa. Talata ko Laraba da safe, wajen ƙarfe tara zuwa goma, ta fi. Ka riƙo wasiƙar da ta bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, takardar haihuwa, takardar NIN, kwafin indijin na uba ko wa in akwai, da hotuna fasfo sababbi, aƙalla huɗu don kada a ce saura ɗaya ka fita neman mai hoto. Mace tana iya ɗauka da hijabinta, fuska dai ta fito sosai. Kowace takarda ka yi mata kwafi biyu tun daga gida, ka riƙe na ainihi a fayil dabam, a gani a miƙo maka. Ka zo da bironka.

Idan ka shiga, ka wuce kai tsaye ka tambayi ma'aikaci da ke zaune a tebur ofishin da ake ba da takardar indijin. A bakin kowane ofishin gwamnati a ƙasar nan ba a rasa masu tarar mutum da "Alhaji me za a yi? Kawo in shigar maka, yanzu za ta fito." Wani da gaske ya san hanya, ladan kai-komo kawai yake nema. Wani kuwa takardar da zai kawo maka ba ta cikin kowane littafi, hatimin ma a kasuwa aka sassaƙa shi. Matsalar ita ce ba za ka gane ba sai ranar da soja ko jami'a suka aiko a tabbatar, aka buɗe rajista ba a ga lambarka ba. A lokacin ba aikin kaɗai ka rasa ba, kana iya samun kanka kana amsa tambayar takardar jabu.

Kuɗin takardar yakan canza daga lokaci zuwa lokaci, don haka a bakin ma'aikacin ofishin za ka ji na yanzu. Ka tambayi inda ake biya. Tun 2016 dokar harajin jihar Kaduna ta hana karɓar kuɗin shigar gwamnati hannu da hannu, saboda haka neman a nuna maka banki ko na'urar biya, a kuma ba ka rasit, ba rashin kunya ba ne. Rasit ɗin ka adana shi tare da takardar har abada.

Fom ɗin ka cika shi da manyan baƙaƙe, kana kallon 'yar takardar aljihunka. Za a tambayi suna, sunan uba, ranar haihuwa da wurinta, unguwa ko ƙauye, gunduma, da mazaɓa. Kada ka haɗa gunduma da mazaɓa: ta farko ta hakimi ce, ta biyu ta kansila. Inda ba ka gane ba ka bar shi fili ka tambaya, ya fi ka kankare. Bayan an karɓa za a shigar da sunanka a rajista, a buga takardar, a liƙa hoto, a kai wa shugaban ƙaramar hukuma ko wanda aka wakilta ya sa hannu. Wannan sa hannun ne ke jawo jira. Idan mai sa hannu yana gari ana iya gamawa a yini ɗaya ko biyu, idan ya tafi Kaduna sai haƙuri. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a jira sai an buɗe ɗaukar aiki, ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne yaro yana aji biyar ko shida na sakandare, lokacin hutu, ba wanda ke kora. Ka tambayi ranar dawowa da sunan ofishin da za ka karɓa. In abin ya ja fiye da yadda aka ce, kansilan mazaɓarku shi ne wanda ya kamata ka nema, aikinsa ke nan, kuma ƙuri'arku ce ta kai shi.

Ranar karɓa kada murna ta sa ka ninke ta ka fita. Ka tsaya a wurin ka karanta: harufan suna, sunan uba, gunduma, kwanan wata, lambar takarda, sa hannu, da hatimi, wanda ake so gefensa ya hau kan hoton. Kuskuren da aka gani a gaban tebur a ranar ake gyara shi, wanda aka gani bayan wata shida kuwa sabon aiki ne. Daga nan ka wuce shagon kwamfuta a yi maka sikanin mai launi, a rage nauyinsa yadda shafukan neman aiki za su karɓa, ka tura wa kanka ta imel, ka ajiye a waya. Ka yi kwafi da yawa. Ni ban cika son a yi saurin manne ta da leda ba, domin zafin injin yakan dusar da tawadar hatimi, kuma in an buƙaci ƙara wani tambari a baya ba hali. Fayil ɗin roba mai zif ya wadatar, a sa a akwati nesa da ɗigar damina da gara.

Waɗanda lamarinsu ya ɗan bambanta

Wanda aka haifa a Legas ko Fatakwal ko Jos, iyayensa 'yan Zariya ne amma shi bai taɓa zama ba, hanyarsa ɗaya ce da ta kowa, sai dai dole ya sauka a gidan dangi su kai shi zaure da kansu. Maraya ma haka, dangin uba ne shaidunsa, kuma a nan ne tsohuwar takardar mahaifi take da rana.

Mai wuyar ita ce ta gidajen da kakanni suka zo daga wani wuri tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso, suka zauna a Sabon Gari ko Tudun Wada, jikoki ba su san wani gari ba sai nan. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta ce ɗan asali shi ne wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wurin ne, ko kuma wanda ƙaramar hukumar ta amince da shi a matsayin nata. Ke nan ƙofa ba a rufe take ba, amma hukunci yana hannun ƙaramar hukuma, ita kuma da shaidar masu unguwanni da hakimai take aiki. Mai irin wannan hali ya faɗi gaskiyar tarihin gidansu tun a zaure, ya kawo abin da ke nuna daɗewarsu, kamar takardun gida da na makarantar iyaye. A ganina gidan da ya yi zuriya uku a wuri yana biyan haraji, yana binne mamatansa a nan, bai kamata a ce jikansa ya tafi neman takarda garin da ko hanyarsa bai sani ba. Amma ƙa'idar nan ta kuma hana mutum riƙe ƙananan hukumomi biyu. In ka karɓi ta Sabon Gari, to ka tsaya a kanta a JAMB da NIN da duk fom ɗin da za ka cika nan gaba. Katin mazauna jiha da gwamnatin Kaduna ke bayarwa abu ne dabam, yana nuna inda kake zaune ne, ba ya maye gurbin indijin a wurin ɗaukar aikin tarayya.

Idan takardar ta ɓata ko ta ƙone, ka fara kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa a ba ka takardar rahoton, ka je kotu ka yi rantsuwar ɓata, sannan ka koma sakatariya da su tare da kwafin tsohuwar da rasit. Da lambar da ke jikin kwafin za a binciko sunanka a rajista. Wanda ba shi da kwafi kuma bai san lambar ba, yawanci sai ya sake komawa zauren mai unguwa ya faro daga can.